Alhamis Ba Ranar Hutun Boko Ba Ce

Iyaye maza da mata na ƙasar Gumel, da ku ake. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar kukan malaman firamare ɗaya ne. Yara su cika aji Litinin da Talata, amma ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ta ci, sai a ga bencina wayam. Wani ya bi ubansa kara yana riƙe masa igiyar rago, wata an ɗora mata farantin gyaɗa tun da asuba. In an yi magana, a ce ai yini ɗaya ne kawai.

To, a yi lissafi. Kwana biyar ake zuwa makaranta a mako. Yaron da ke fashin kwana ɗaya kowane mako, kafin ya gama shekara shida ta firamare ya zubar da karatun fiye da shekara guda cur. Makarantar allo ce ke hutun Alhamis da Juma'a, ta boko kuwa tana ci, kuma malami ba zai dakatar da darasi ya jira ɗan kowa ya dawo daga kasuwa ba. Aka koya rabawa yau, gobe a kanta za a ɗora wani abu, wanda bai zo ba sai ya zauna yana zare ido.

Karatun yaro kamar gonar gero ce a wannan jigawa tamu. Damina gajera ce, ba ta jiran rago. Manomi ya yi shuka, ya yi noman firi, ya rage, ya koma ya yi maimai, kowanne a kan lokacinsa. Wanda ya bar ciyawa ta yi mako biyu yana yawon kasuwanni, ko ya dawo ya kwana a gonar da fartanya, geron ya riga ya ƙanjame. Bitar darasi ita ce maimai. Kuma ba mu taɓa jin wanda ya fara noma ana gobe girbi ba, amma ga 'ya'yanmu suna buɗe littafi ana gobe jarrabawa!

Kai uba, ɗa amana ne a hannunka, kuma za a tambaye ka. Haba! Ka san adadin tumakinka, amma ba ka san ajin da ɗanka yake ba? Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara a makaranta kyauta. Uban da ya ƙi, karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Kwalejin Ilimi tana nan cikin Gumel, ga sakandaren Lautai, amma da sakamakon jarrabawa ake shigarsu.

Sauran a taƙaice. A tsayar wa yaro lokacin bita kullum, ko da rabin awa bayan Magariba, a ba shi fitila mai haske, a kashe rediyo, a karɓe waya. Ya rufe littafi ya faɗi abin da ya karanta da bakinsa, yadda yake biya allonsa. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya sauraro. Ya kwanta da wuri, ya sha koko kafin ya fita. In talla ta zama dole, a bari sai an tashi daga makaranta.