Darasin Kimiyya: Kwaɗon Dutsen Atewa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, darasinmu na wannan fitowa a kan wani kwaɗo ne da babu irinsa a duk duniya sai a nan Gana.

Ina yake zaune?

Gidansa dajin Atewa ne, kan tsaunukan da ke kusa da garin Kyebi a Yankin Gabas. Tun 1926 aka keɓe wannan daji. Kwaɗon yana rayuwa cikin ƙoramu masu sanyi da ke gangarowa da gudu tsakanin duwatsu, kuma jikinsa santsi ne da shi, da wuya a riƙe shi a hannu. Da can masana sun ɗauka shi ne kwaɗon tsaunukan Togo. Sai a 2021 bincike ya nuna jinsinsa daban ne, aka raɗa masa suna Conraua sagyimase, don girmama mutanen ƙauyen Sagyimase da ke gindin dutsen.

Me ke barazana gare shi?

Kwaɗo yana shaƙar iska ta fatarsa, kuma cikin ruwa 'ya'yansa suke girma. Saboda haka, da zarar ruwa ya gurɓace, shi ne farkon wanda zai cutu. Masu galamsey suna dagula ƙoramu da laka da sinadarai wajen neman zinariya. Masu sare itatuwa suna kawar da inuwa, rana ta bugi ƙasa, ƙorama ta ƙafe. Babbar damuwa kuma ita ce shirin haƙar bokzait, wato ƙasar da ake fitar da alminiyam daga cikinta. Kafin a kai gare ta, sai an share daji an kwashe ƙasar sama. Wannan kwaɗo ba shi da wani gida da zai ƙaura zuwa.

Me ya shafe mu?

Daga Atewa kogunan Densu da Birim da Ayensu suke tasowa. Densu ne ke cika madatsar ruwa ta Weija, wadda ke shayar da babban sashe na Ankara. Ke nan ruwan da kwaɗon ke iyo a ciki, shi ne wanda iyalai da yawa ke tara a famfo su sha su dafa abinci. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su A Rocha Ghana suke roƙon gwamnati ta mai da Atewa gandun daji na ƙasa.

Tambayoyi

1. Me ya sa gurɓataccen ruwa yake saurin kashe kwaɗo?
2. Tambayi Baba ko Mama: daga wane kogi ruwan unguwarku yake zuwa?