Amsar Tambaya: Daga Ina Sunayen Kayan Iyo Suka Fito?

Tambaya: Ɗana ya fara koyon iyo, kullum sai ya dawo mini da kalmomi irin su "snorkel" da "scuba". Mene ne asalinsu? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Kalmar "snorkel" aro ce Turawan Ingila suka yi daga Jamusanci. A Yaƙin Duniya na Biyu, sunan bututun da jiragen yaƙin Jamus masu nutso suke zuƙar iska da shi ke nan. Bayan yaƙi sai sunan ya koma kan ɗan bututun da mai iyo ke kafawa a baki yana numfashi fuskarsa na cikin ruwa.

Ita kuwa "scuba" haruffan farko ne na kalmomi biyar aka harhaɗa, ma'anarsu na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa wadda mutum ke goyawa. Jacques Cousteau da Emile Gagnan na Faransa suka ƙera fitacciyarta a 1943.

Wadda ta fi damuna ita ce "water wings", wato fikafikan ruwa, robobin nan da ake hurawa a zura wa yaro a damtse. Sunan yana ruɗar iyaye. Robobin suna sacewa, suna kuma zamewa. Ki nema masa rigar ceto daidai jikinsa, kuma kada idonki ya bar kansa muddin yana cikin ruwa.