Darasin Lafiya: Kumburin Matsarmama da Tiyatar da Ba a Tsaga Ciki

Duk wadda ta taɓa gyara kayan cikin kaza ko na ragon layya ta san 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda in ta fashe sai nama ya yi ɗaci. Ita ce matsarmama, wasu su ce maɗaciya. Mu ma muna da ita a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Aikinta shi ne tara ruwan ɗacin da hanta ke yi, ta zuba shi cikin hanji idan an ci abu mai maiƙo.

Wani lokaci ruwan nan yakan daskare ya zama tsakuwa. Idan tsakuwar ta toshe bakin jakar, sai ta kumbura, har ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Abin ya fi samun mata, musamman wadda ta yi haihuwa da yawa, ko mai ƙiba, ko wadda ta haura shekara 40. Masu sikila kuwa tun da ƙuruciya suna iya samun tsakuwar.

Alamominsa

Ciwo ne mai tsanani a saman ciki ta dama, yakan harba baya ko kafaɗar dama, sau da yawa bayan an ci soye-soye ko tuwo da man shanu. Yakan zo da amai da zazzaɓi, kuma sai a yi awa shida bai lafa ba. Da yawanmu sai mu ce ai ulsa ce, a aika yaro kemis, ko a jiƙa saiwa. Ciwon da ya wuce awa shida da zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya kamar mai shawara, na asibiti ne a ranar. In aka bar shi, jakar na iya yin ruwa ko ta fashe a ciki, rai ya shiga haɗari.

Ina za a nufa?

Ta Dutsin-Ma ko Kurfi ta fara da babban asibitin garinsu. A nemi hoton ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, domin shi ke nuna tsakuwa da kumburi. Za a sa mata ruwa, a ba ta maganin ciwo da na ƙwayoyin cuta. In likita ya tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, a kama hanya, kada a ce sai an ga yadda ta kwana. A hanya kada a ba ta abinci ko jiƙo.

Yadda ake aikin

Wani likitan Jamus, Erich Mühe, shi ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a 1985. Bayan an sa mutum barci, ana yin 'yan ƙananan huji, yawanci guda 4, kowanne kamar faɗin farce. A hura iska a ciki don a samu sarari, a zura 'yar kyamara ta cibiya, likita na kallon allo yana aiki da siraran ƙarafa har ya ciro jakar. Galibi kwana 1 ko 2 a sallame ki, cikin mako 2 kin koma hidimar gida. Wadda aka tsaga kuwa takan yi kusan mako 6 kafin ta warware.

To amma fa a lura, aikin ya fi sauƙi a kwana 3 na farkon ciwo, kuma an fi so kada ya wuce mako guda. In aka yi jinkiri, kumburi kan manne kayan ciki da juna, har ya zama dole likita ya koma tsagawa ana tsakiyar aiki. Shi ya sa ake sa hannu a kan hanyoyin biyu tun farko. A kuma tambaya ko asibitin na da na'urar, don ba ko'ina take ba. In babu, tsagawar ma magani ce, ta fi zaman jira.

Bayan an cire

Hanta za ta ci gaba da aikinta, ruwan ɗaci ya riƙa sauka hanji kai tsaye. Ba ya hana haihuwa ko shayarwa. Ko mai ciki ana yi mata in ta kama, an fi so tsakanin wata na 4 da na 6. Ciwon kafaɗa na kwana biyu daga iskar nan ne, zai wuce. Amma in zazzaɓi ya taso, ko ido ya yi rawaya, ko ciwon ciki ya ƙaru, a koma asibiti maza.

'Yar uwa, ki zauna da maigida ku yi wannan magana tun kina lafiya, don ranar da ciwo ya tashi kada neman izini da kuɗin mota su cinye kwanakin nan uku. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.