Amsar Tambaya: Tsarin Horon Ninƙaya Kafin Gasa

Ka sani asalin wannan al'amari shi ne ka tabbatar da ranar gasa tukuna, sa'an nan ka ƙirgo makonni baya, ka ba mafi yawansu ga doguwar ninƙaya mai gina juriya, na bayansu ga sauri, biyu ko ukun ƙarshe kuwa ka rage nisa domin jiki ya huta. Littafin James Counsilman na 1968, The Science of Swimming, yana da fa'ida ƙwarai, amma a ra'ayina ɗan littafin da za ka riƙa rubuta lokacinka na mita 100 kowane mako ya fi shi muhimmanci. In azumi ya faɗo ciki, mai da horon bayan buɗa-baki. Kada ka kuskura ka shiga ruwa kai kaɗai.