Kafin Ku Je Gaida Malam

Da zarar Sallah ta gabato, sai zaurukan tsofaffin ɗalibai na WhatsApp su cika da magana ɗaya: a haɗa kuɗi a karrama malamai. Niyyar ta yi kyau. Matsalar tana farawa ne wurin lissafi: ɗakin taro a Sakkwato, anko, mai ɗaukar hoto, abincin manyan baƙi, da allon katako mai rubutun ruwan zinariya. Ranar taro, malamin da aka yi abin dominsa zai shigo mota daga Wurno ko Goronyo da kuɗin aljihunsa, a zaunar da shi bayan 'yan siyasa, a kira sunansa ana gab da tashi. Katako yake komawa da shi gida. A ganina, in ɗaliban Kwargaba da Achida da Gandi na son gode wa wanda ya koyar da su a sakandare, gidansa za su je, su kaɗan, da magana takamaimiya da abin da yake bukata.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance. Baffansa Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, kowa da sunansa da littafin da ya karanta a gabansa. Bai yi godiyar jimla ba. A ɓangaren boko ma, Sardauna Ahmadu Bello ɗan Rabah da ya gama Kwalejin Katsina a 1931 koyarwa ya fara a Midil ta Sakkwato, har 1934 da aka ba shi hakimcin Rabah. Shehu Shagari ma ya riƙe alli a wannan makaranta. Su dai mulki ya ɗauke su duniya ta san su. Wanda muke magana a kansa shi ne ɗan uwansu da ya tsaya cikin aji har furfura ta rufe shi.

Ku fara da nemansa, kuma ku hanzarta. Kafin dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki, malami na ajiye alli ne yana ɗan 60 ko bayan shekara 35 yana aiki. Wanda ya koya muku lissafi a 1995 yana ɗan shekara 40, yau ya kai 70. Shugaban makaranta na yanzu mai yiwuwa bai taɓa jin sunansa ba, don haka ku tambayi tsohon masinja, ko maigadi, ko kukun da ya daɗe. Su suka san wanda ya koma ƙauyensu da wanda ya bi ɗansa birni. Ofishin ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukuma da ƙungiyar 'yan fansho su ma suna da labari. Malaman da suka zo daga Ghana da Indiya a shekarun 1970 da 1980, da 'yan bautar ƙasa da suka yi shekara guda suka wuce, sai dai a gwada cikakken suna a Facebook. Kada jerinku ya tsaya kan shugabanni da masu suna. Malamin Larabci da ba shi da babur, da matar da ta kula da ɗakin kwanan 'yan mata, su aka fi mantawa.

Sai batun da ba a so a faɗa amma dole. Gabashin Sakkwato na fama da 'yan bindiga, kuma kowa ya san akwai infoma a gari. Jerin motoci shida a ƙofar gidan dattijo, da buhuna ana saukewa yara na kallo, da hoton ambulan a intanet, duk sanarwa ce cewa wannan gida yana da masu biyan kuɗin fansa. Ku je mutum biyu ko uku, da mota ɗaya maras ɗaukar ido ko ma babur. Kayan nauyi a aika wata rana daban ta hannun ɗansa. Kuɗi a tura ta asusu. Hoto in an ɗauka ya tsaya cikin wayoyinku, kada a rubuta sunan ƙauye ko abin da aka bayar. In hanyar ba ta biyuwa a lokacin, ku haƙura da zuwa, ku haɗu da shi gidan wani nasa a Wurno ko Sakkwato, ku biya kuɗin motar zuwa da komawa tun kafin ya taso.

A aika a sanar da shi tukuna, don tsoho ba ya son a same shi ba shiri. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi. Da damina ku tuna yawancinsu gona suke wuni, ranar Lahadi kuma mutumin Goronyo yana kasuwa.

In kun isa, ku cire takalmi ku durƙusa yadda kuka saba, ko da ɗayanku kwamishina ne. Kuma don Allah a bar tambayar nan ta "Malam, ka gane ni?" Mutumin da dubban yara suka wuce ta hannunsa, ga ido ya yi rauni, kunya kawai za ka sa shi. Ka sauƙaƙa masa: "Allah gafarta Malam, ni ne wane ɗan wane na Kwargaba, ka koyar da mu Turanci a aji huɗu, shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin gwaje-gwaje." Daga nan ka faɗi abu ɗaya da ya yi maka. Nan ne gaba ɗayan ziyarar take, kuma nan mutane suka fi yin kasala. "Kun yi mana ƙoƙari, Allah ya saka" kowa na faɗa, har wanda bai taɓa shiga aji ba. Ka ce, "Ranar da mahaifina ya zo fitar da ni don in kama noman albasa, kai ka bi shi har bakin ƙofa ka roƙe shi." Ki ce, "Malama, ke kika cika mini kuɗin jarrabawa kika ce kada in gaya wa kowa, yau ni ungozoma ce." Sau da yawa malamin ya manta ya yi haka. Abin da bai sani ba shi ne inda alherin nasa ya kai, kuma kai kaɗai ke iya gaya masa. Wanda baki ke yi wa nauyi gaban babba ya rubuta a takarda, da manyan baƙaƙe, ya bar masa. Idan ya fara ba da labari ku saurara, ku kife wayoyi.

Me za a riƙa? Buhun shinkafar Wurno, gero, turmin shadda, atamfa don uwargida, duk sun yi. Amma kafin ku saya, ɗayanku ya keɓe da babban ɗansa ko mai ɗakinsa ya tambaya, domin shi Malam ko yana kwana da yunwa "alhamdu lillahi" zai ce. Abin da kan fito shi ne maganin hawan jini ko ciwon suga na wata-wata, tabarau, aikin yanar ido, ko kuɗin WAEC da NECO na autansa. Wani kuma abin da ya dame shi takardun fansho ne da suka maƙale, da wahalar zuwa tantancewa. In a cikinku akwai ma'aikacin gwamnati a Sakkwato, ko likita ko nas a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya ɗauki fayil ɗin ko ya raka shi ganin likita. Wannan ya fi rago. Kuma ƙaramin abu da ke zuwa kowane wata ba fashi ya fi babbar kyauta sau ɗaya, wadda dangi za su ji labari su rabe cikin mako.

Kuɗin da aka tara a sa mutum biyu su riƙa, a bayyana lissafi ga kowa. Ɗan takarar da ya ce zai ɗauki nauyin komai a gode masa, a ce ya ba da nasa kason kamar kowa. Marar hali kuma kada ya noƙe. Katin waya, ɗaukar masa kaya a kasuwar Achida, ko a yi masa gayya ranar girbi, duk gaisuwa ce, zumunci a ƙafa yake.

To malamin da ya yi maka bulala fa? A nan sai ka yi wa kanka adalci. Akwai mai tsanani da ya dake ka don ka ƙi yin aikin gida, washegari kuma ya zauna da kai har ka gane. Wannan ka je masa, shi ya fi cancanta. Akwai kuma azzalumi, kuma ba wanda zai tilasta maka yabon ƙarya. In abokai za su je, ka bar su su je. Abin da bai dace ba shi ne a shiga gidan dattijo a mai da tsohon duka abin raha gaban 'ya'yansa da jikokinsa.

Wanda kuka tarar ya riga mu gidan gaskiya, ku isa wurin iyalinsa ku yi ta'aziyya ko da shekara goma ta wuce, ku gaya wa 'ya'yansa abin da kuka so gaya masa. Ku tambaya a asirce ko ya bar bashi, ku duba ko an biya magada haƙƙinsa na aiki. In akwai sauran kuɗi, gyaran rijiyar makarantar da ya koyar ko ɗaukar nauyin karatun maraya ɗaya cikin 'ya'yansa ya isa sadaka mai gudana. Ku karɓi lambar uwargidan, ku naɗa mutum ɗaya da zai riƙa kiranta, ku rubuta sunansa cikin littafin ƙungiya don kada kowa ya ɗauka wani ne zai yi.