Yadda Mai ND, NCE Ko IJMB Zai Shiga Jami'a Daga Aji Biyu, Ya Kuma Bibiyi Gurbinsa A Waya

Matasa da yawa suna gama difloma ko NCE, sai su koma su sake zana jarabawar UTME su fara jami'a daga aji ɗaya, alhali karatun da suka yi a baya ya isa ya rage musu shekara guda cur. Wasu kuma sun san hanyar, sun cike fom, amma gurbin ya kuɓuce musu saboda layin waya da ya ɓata, ko imel ɗin da wani ya buɗe musu ba su san kalmar sirrinsa ba. Wannan darasi zai yi bayanin yadda jami'o'in Najeriya suke lissafa karatun da ɗalibi ya riga ya yi, da yadda zai kula da lamarin daga wayar da ke hannunsa.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, takardar da ke cikin jaka ba ta isa ba. Sai an ga shaidarta a rumbun bayanan JAMB sannan take amfani.

Ƙofofi biyu na shiga jami'a

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke kula da shiga manyan makarantu a Najeriya. Ƙofa ta farko ita ce UTME: darussa 4 har da Turanci, tambayoyi 180, jimillar maki 400, kuma a kwamfuta ake zana ta. Wanda ya bi wannan ƙofa daga aji ɗaya zai fara.

Ƙofa ta biyu ita ce Direct Entry, wadda aka fi sani da DE. An tanade ta ne domin wanda ya riga ya yi wani karatu bayan sakandare. Mai DE ba ya zana UTME, amma dole ya yi rajista da JAMB, sannan jami'ar da ya zaɓa ta tantance shi, ko ta duba takardu kawai ko ta haɗa da jarabawarta. Idan ya dace, daga aji biyu zai fara. Digirin shekara 4 ya koma shekara 3, na shekara 5 irin injiniyanci ya koma 4.

Ba a yin rajistar UTME da DE a shekara ɗaya. Wanda ya yi UTME, daga baya sakamakonsa na gaba da sakandare ya fito, akwai hanyar da JAMB ta tanada ta mayar da rajistar tasa zuwa DE ba tare da ya sayi sabon fom ba.

Takardun da ake shiga DE da su

1. ND, wato diflomar shekara 2 daga foliteknik. Darajarta hawa-hawa ce: Distinction daga maki 3.50, Upper Credit daga 3.00, Lower Credit daga 2.50, sai Pass. Kwasa-kwasan da ake rububinsu sun fi neman Upper Credit.
2. HND. Wasu jami'o'in suna sa mai ita a aji uku idan fannin ɗaya ne, wasu kuma aji biyu.
3. NCE daga kwalejin ilimi, karatun shekara 3. An fi karɓarta a tsangayar ilimi, kuma ana duba makin darussan koyarwa guda biyu da ɗalibi ya haɗa.
4. IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take gudanarwa tun 1976. Darussa 3 ake yi cikin kusan shekara guda.
5. JUPEB, makamancin IJMB, wanda ya fara a 2014 a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas.
6. Sakamakon A Level na Cambridge, ko digirin farko ga mai son ƙara wani digirin.

Duk wadda mutum yake da ita a cikinsu, sai ya haɗa da kiredit 5 na sakandare har da Turanci, daga WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS, a zama ɗaya ko biyu. Akwai kwasa-kwasai irin likitanci da jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu. Difloma ba ta toshe giɓin sakandare: wanda ba shi da kiredit a darasin da kwas ɗinsa yake buƙata, ko da Distinction ya fita, sai ya gyara.

Akwai tambayar da masu sha'awar kwamfuta suke yawan yi: satifiket ɗin Coursera, Udemy ko Cisco fa? Waɗannan suna da amfani wajen koyon sana'a da neman aiki, amma ba sa cikin takardun da ake shiga DE da su. Wanda ya iya rubuta manhaja da kansa, in yana son digiri, ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu zai bi kamar kowa.

Kafin a kashe ko sisi, a buɗe ibass.jamb.gov.ng a waya. A nan ne JAMB ta jera kowane kwas, jami'o'in da suke yin sa, da sharuɗɗan kowace jami'a na UTME da na DE. Sau da yawa jami'a biyu suna yin kwas ɗaya, wannan ta karɓi NCE, waccan ta ƙi.

Yadda ake lissafa karatu a jami'a

Kowane kwas a jami'a yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Wani 2 ne, wani 3. A bisa tsarin hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, mai digirin shekara 4 yana buƙatar aƙalla yunit 120 kafin ya kammala, mai DE kuma aƙalla 90. Ma'ana an yafe masa nauyin shekarar farko saboda karatunsa na baya.

Abin lura a nan: makin difloma ba ya bin ɗalibi cikin jami'a. Aikinsa ya buɗe ƙofa kawai. Lissafin darajar digiri daga aji biyu zai fara, kuma wasu jami'o'in suna ɗora wa mai DE kwasa-kwasan gama-gari na aji ɗaya da bai yi ba.

Ga yadda lissafin yake a ma'aunin maki 5. A daga 70 zuwa 100 tana da maki 5, B daga 60 zuwa 69 tana da 4, C daga 50 zuwa 59 tana da 3, D daga 45 zuwa 49 tana da 2. A ce ɗalibi ya ci A a kwas mai yunit 3, ya samu 15. Ya ci B a wani mai yunit 3, ya samu 12. Ya ci C a mai yunit 2, ya samu 6. Jimilla 33, a raba da yunit 8, ya tashi da 4.13. Tunda mai DE zangunan karatunsa sun fi kaɗan, zango ɗaya da ya lalace ya fi yi masa illa fiye da wanda ya fara daga aji ɗaya. Shi ya sa shekarar farko ba ta wasa ba ce a wurinsa.

Layin waya, NIN da imel

Rajistar JAMB daga saƙon tes take farawa. Mutum zai rubuta NIN, ya bar tazara, ya rubuta lambobinsa 11 na katin ɗan ƙasa, ya tura zuwa 55019 ko 66019. Za a maido masa da lambar furofayil. Daga ranar, wannan layin ya zama shaidarsa a wurin JAMB.

- A yi amfani da layin da yake na mutum ne shi kaɗai. Ba na uwa ba, ba na aboki ba, ba na mai shagon intanet ba.
- Wanda ya taɓa yin JAMB lokacin da zai shiga difloma ko NCE, tsohon layin da tsohuwar lambar rajistarsa za su yi masa aiki. Ya adana su.
- Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya yana iya rufe shi ya sayar wa wani. A riƙa sa masa kati ana kira ko da jefi-jefi ne. Idan ya ɓata, a je ofishin kamfanin a dawo da lambar, kada a sayi sabo.
- Suna da ranar haihuwa daga bayanan NIN ake ɗauko su. Idan sun saɓa da na takardar sakandare ko ta difloma, a gyara a NIMC kafin a tura saƙon.
- Imel ma haka. Mutum ya buɗe da hannunsa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya rubuta kalmar sirrin a wurin da ba zai ɓata ba.

Rajistar ita kanta ba a waya ake yin ta ba, domin sai an ɗauki zanen yatsu da hoto. Ta DE a cibiyoyin da JAMB ta ware ake yi, don haka a duba sanarwar shekarar kafin a kama hanya. Saboda yawan takardun bogi, yanzu sai makarantar da ta ba da difloma ko NCE ta tabbatar da sakamakon kafin a ba da gurbi. Ɗalibi ya koma tsohuwar makarantarsa da wuri ya tabbatar ta aika, kada ya zauna jira.

Duba gurbi a CAPS ta waya

Tun 2017 JAMB ta fito da CAPS, manhajar da duk wani gurbin karatu yake bi ta cikinta. Jami'a ce take zaɓar ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Ga matakan:

1. A buɗe Chrome a shiga efacility.jamb.gov.ng. A rubuta adireshin da hannu, kada a bi mahaɗin da aka turo a WhatsApp.
2. A sa imel da kalmar sirri.
3. A taɓa ɗigo uku da ke saman burauza ta hannun dama, a kunna "Desktop site". In ba haka ba, shafin CAPS yakan fito ba tare da jerin zaɓuɓɓukan gefen hagu ba, mutum ya ɗauka shafin ne ya lalace.
4. A shiga "Check Admission Status", a zaɓi shekara, a taɓa "Access my CAPS".
5. A fara duba "My O'level". Idan sakamakon sakandare bai fito a nan ba, a je cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita a ɗora shi. Wanda ba a ga sakamakonsa ba, ba za a ba shi gurbi ba komai yawan makinsa.
6. A duba "Admission Status". Idan an ga "Admission in Progress", ana kan aiki. Idan gurbi ya fito, maɓallin karɓa da na ƙi za su kunnu.
7. A duba "Transfer Approval". Wani lokaci jami'a takan ga ɗalibi bai kai makin kwas ɗin da ya nema ba, sai ta yi masa tayin wani. Sai ya amince sannan aikin zai ci gaba.

Tayin gurbi yana da wa'adi, don haka a lokacin bayar da gurabe a riƙa leƙawa aƙalla sau biyu a mako. Kuma a karanta sunan kwas da na makaranta da kyau kafin a taɓa maɓalli, domin wanda ya karɓa ya rufe wa kansa sauran tayin wannan shekarar. Bayan karɓa sai a fitar da takardar gurbi ta JAMB, a ajiye kwafinta a Google Drive.

Canjin jami'a bayan an fara karatu

Wannan daban yake da DE. Ɗalibi ne da ya riga ya fara digiri a wata jami'a yake son komawa wata. Zai sayi fom ɗin canji a jami'ar da yake son komawa, tsohuwar ta aika cikakken sakamakonsa kai-tsaye, wato tiranskirif, tare da takardar shaidar cewa ba korar sa aka yi ba. Sabon sashen zai kwatanta kwasa-kwasan da ya yi da nasu. Wanda ya dace a ƙirga masa, wanda bai dace ba ya sake. Saboda haka mai aji uku yana iya tsintar kansa a aji biyu. Kowace jami'a tana da mafi ƙarancin makin da take karɓa, kuma sai akwai gurbi a sashen.

Bayan an koma, a tabbatar bayanan JAMB sun nuna sabuwar makaranta da sabon kwas. Hukumar NYSC da jerin sunayen JAMB take aiki. Wanda sunansa ba ya ciki, ko yake ƙarƙashin wata makarantar, zai gama karatu ya ga abokansa sun tafi bautar ƙasa shi yana zaryar ofisoshi.

Ma'aikaci ko mai sana'ar da ba zai iya zaman aji ba yana iya duba Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN. Ba ta neman makin UTME, kuma tana sa masu ND da NCE a aji biyu idan sun cika sharuɗɗan kwas ɗin.

Hattara da 'yan damfara

Duk gurbin da bai fito a CAPS ba, a wurin JAMB ba gurbi ba ne, ko da an ba mutum takarda mai hatimi. Wanda ya ce zai ƙara maki, ko zai sa suna a jeri idan an tura masa kuɗi, ɗan damfara ne. Kada a ba kowa lambar furofayil ko kalmar sirri, domin da su ake iya karɓa ko ƙin gurbi a madadin mutum. Idan an shiga shafin a kwamfutar shago, a fita daga asusun kafin a tashi, kuma kada a bar burauza ta adana kalmar sirrin. Mai ƙorafi ya shigar da shi a support.jamb.gov.ng, kyauta ne.

Mai shirin DE a bana zai iya fara abu uku tun yau ba tare da ya fita daga gida ba: ya duba sharuɗɗan kwas ɗinsa a IBASS, ya gwada ko tsohon layinsa da imel ɗinsa suna aiki, ya kuma jera takardunsa ya ga ko sunan da ke kansu ɗaya ne harafi da harafi. Allah ya ba da sa'a.