Darasi na 18: Intanet ya kai ɗakin Kaka

Kaka ba ta da lafiya. Kwana 10 ke nan ba ta fito tsakar gida ba. Tana son ta ga ɗanta da ke aiki a Agadas, ta yi magana da shi ta salula.

Maƙwabcinsu yana da wifi a shagonsa. Ya yarda su yi amfani da shi, suna biyan rabin kuɗin wata. Amma rezon ba ya wuce zaure, don katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfinsa.

Auta ya ce: "Yaya, mu ɗauko Kaka mu kawo ta zaure."

Yaya ta ce: "A'a, ƙanena, ba a wahalar da marar lafiya. Intanet ɗin za mu kai mata."

Yaya ta ajiye kwamfutar hannu a zaure, ta kama wifin maƙwabci. Ta ɗauko wata na'ura mai suna ruta, ta ajiye ta a ƙofar ɗakin Kaka. Sannan ta kawo doguwar igiyar rezo. Ta soka kai ɗaya a jikin kwamfuta, ɗayan kuma a ramin ruta wanda aka rubuta WAN. A cikin Windows ta buɗe saitin wifi, ta shiga shafin Partage, wato rabawa, ta ba da izini. Ba a jima ba fitilar ruta ta kama. Salula ta samu rezo, Kaka ta ga fuskar ɗanta, ta yi ta sa masa albarka.

Yadda abin yake aiki

Mai ga-ruwa yana ɗebo ruwa a famfo, ya zuba a randa, kowa ya ɗiba a randar. Haka nan kwamfuta take karɓo intanet ta iska, ta tura shi ta igiya, ruta kuma ta raba wa salulolin gida.

A cikin igiyar akwai ƙananan wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu. Tsawonta kada ya wuce mita 100.

Kowace na'ura tana da adireshi na lambobi, kamar lambar gida. In an buɗe rabawa, Windows yana ba ramin igiyar adireshi 192.168.137.1. Ruta kuma tana da nata, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In rukunin lambobin biyu ya zama ɗaya, saƙo yana ɓata hanya. Windows yana da wannan dabara ta rabawa tun shekarar 1999.

A kiyaye

1. In kwamfuta ta yi barci ko batirinta ya ƙare, intanet ya yanke a gida duka.
2. A sa wa ruta kalmar sirri mai harafi 8 ko fiye.
3. In masu ɗiba sun yi yawa, rabon kowa yana raguwa.
4. Ba a shiga wifin wani sai da izninsa.

Ma'anar kalmomi

Wifi: hanyar haɗa na'urori ta iska, ba da igiya ba.
Ruta: na'urar da ke raba intanet ga na'urori da yawa.
WAN: ramin da intanet ke shigowa cikin ruta.

Tambayoyi

1. Don me rezo bai kai ɗakin Kaka ba?
2. A wane rami Yaya ta soka igiya?
3. Me zai faru in kwamfuta ta mutu?
4. Gida 3 suna raba kuɗin wata, jikka 15. Nawa kowane gida zai biya?

Aiki

Ku zana shago, zaure da ɗakin Kaka a cikin littafinku. Ku nuna hanyar iska da ɗigo-ɗigo, hanyar igiya kuma da layi.